Da wane ma'auni ake auna labari kafin a ce ya isa a watsa shi?

Malamin Firamare ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana aikin jarida da ke wannan zaure su warware mini wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin makaranta ne, kuma ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙaramin gari da sai an yi tafiyar kusan awa guda a kan babur daga bakin kwalta kafin a kai shi. Shekara shida ke nan wani kwazazzabo yana cin ƙasa daga gabashin gari, kowace damina sai ya ƙara matsowa. Ya cinye gonaki, ya datse tsohuwar hanyar kasuwa, bara kuma ya zabtare wani sashe na maƙabarta har sai da muka tashi wasu kaburbura. A yanzu tsakaninsa da bangon ajin 'yan aji ɗaya bai fi taku talatin ba.

Kafin damina ta faɗi mun rubuta takarda da sa hannun dagaci da limamin gari, muka kai gidajen rediyo uku da ofishin wata jarida, muna roƙon a turo wakili ya gane wa idonsa. Babu wanda ya zo. Da na matsa wa ɗaya daga cikin wakilan da kiran waya, sai ya tambaye ni ko an yi asarar rai. Na ce masa a'a, Allah ya kiyaye. Ya ce to, idan wani abu ya faru in kira shi. A makon nan kuma da kunnena na ji tashar da yake wa aiki ta ɓata kusan minti goma a kan cacar bakin wasu matasa biyu da suka yi suna a TikTok, washegari kuma aka kawo labarin saniyar da ta haifi maraƙi mai kai biyu.

Ban zo nan don in zagi kowa ba. So nake in fahimta: da wane ma'auni ake auna abu a ce ya isa labari? Shin akwai ƙa'ida da ake koyarwa, ko kuwa abin da edita ya ga dama ne kawai? Kuma shin dole sai aji ya rufta da yara kafin maganarmu ta isa a saurara?

Tsohon Edita ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya tsare yaran nan, ya kawo muku ɗauki. Na yi shekara ashirin da takwas a ɗakin labarai, rabinsu a rediyo, rabinsu a jarida, kuma ina tabbatar maka tambayar da wakilin nan ya yi maka, duk da muninta a kunne, ita ce tambayar da editansa zai yi masa da zarar ya buɗe baki a taron safe. Laifinsa shi ne da ya tsaya a kanta bai yi maka ta biyu da ta uku ba.

Ka fara da lissafin wuri. Labaran da ake karantawa na minti goma ba sa ɗaukar fiye da labari takwas zuwa goma, alhali abin da ke kan teburin edita kafin azahar yakan kai arba'in: na wakilai, na kamfanin dillancin labarai, sanarwar ma'aikatu, takardun 'yan sanda, da wasiƙu irin taku. Saboda haka aikin edita galibinsa zubarwa ne. Abin da yake fara nema a jikin kowane labari kuwa shi ne abin da ya faru yau wanda bai faru jiya ba. A nan kwazazzabonku ya faɗi, domin shi hali ne da ake ciki, ba abu ne da ya auku ba. Jiya yana nan, yau yana nan, gobe ma yana nan, don haka edita yana ganin ko ya ajiye shi zuwa makon gobe bai yi asarar komai ba, kuma makon goben ba ya zuwa. Haka zazzaɓin cizon sauro yake. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na masu mutuwa da wannan ciwo a duk duniya a Najeriya suke, amma ba ka taɓa jin an buɗe labaran ƙarfe bakwai da cewa zazzaɓi ya kashe yara jiya, saboda mai sauraro zai ce da ma ya sani.

Maraƙi mai kai biyu kuwa ya ci jarrabawar ne ta ƙofar mamaki, kuma kada ka raina wannan ƙofa. Tsofaffin 'yan jaridar Amurka suna da wata magana cewa kare ya ciji mutum ba labari ba ne, mutum ya ciji kare shi ne labari. A watan Fabrairun 2018 wata ma'aikaciyar hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a Makurɗi ta ce maciji ne ya haɗiye naira miliyan 36 na ofishinta, kuma har gobe babu mai shayin da bai san wannan labari ba. A duk shekara rahoton babban mai binciken kuɗi na tarayya yana lissafo kuɗaɗen da suka ninka wannan sau ɗaruruwa waɗanda ba a ga bayaninsu ba, amma wa ya riƙe ko adadi ɗaya a ka? Macijin ne ya ɗauki labarin ya kai shi kasuwa, ba miliyoyin ba.

Akwai sauran abubuwan da ake dubawa, kamar kusancin abin da masu sauraro, da yawan waɗanda ya shafa, da ko akwai wani sananne a ciki, amma wanda ya fi shafar ku shi ne wannan: labari yana son wanda za a ɗora wa alhaki. Kwazazzabo ba shi da ofis, ba ya ɗaga waya, ba a iya neman jin ta bakinsa. Takardarku, in na fahimce ka daidai, koke ce, kuma koke kullum ana samunsa buhu-buhu. Ku koma ku binciki kasafin kuɗin jiharku na shekarun nan shida. Akwai asusun kula da muhalli wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke da kaso a cikinsa, akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya da ya ƙunshi jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda gyaran ƙasar da ta lalace na cikin ayyukansa. Idan kuka tarar an taɓa sanya sunan garinku a wani kasafi, ko an taɓa ba wani ɗan kwangila aikin, ko wani ɗan majalisa ya taɓa tsayawa a bakin ramin ya yi alkawari a gaban jama'a, to kun samu labari, domin yanzu akwai kuɗi, akwai kwanan wata, akwai wanda za a kira ya yi bayani ko ya ƙi yi. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa takardar mai neman bayani, kuma ko shirun da za ta yi bayan kwana bakwan ma abu ne da ya auku, ana iya karanta shi a labarai.

Malama Bilkisu ta amsa:

Baba Edita, Allah ya ƙara lafiya. Duk abin da ka faɗa haka yake a aikace, kuma shi muke koyar wa ɗalibai a shekararsu ta farko. Inda nake da ja shi ne yadda bayanin ya fito kamar waɗannan ƙa'idoji daga sama suka sauko, alhali mutane ne suka saba da su har suka zama musu jiki.

Malam ya tambaya ko akwai ƙa'ida da ake koyarwa. Akwai, kuma tushenta da aka fi ambata shi ne wani nazari da wasu masana biyu 'yan ƙasar Norway, Johan Galtung da Mari Ruge, suka wallafa a 1965, bayan sun bi diddigin yadda jaridu huɗu na ƙasarsu suka ba da labarin rikicin Kongo da na Kyuba da na Saifurus. Sun fitar da abubuwa goma sha biyu da ke sa abu ya zama labari, kuma na farkonsu shi ne ainihin matsalar garin Malam, wato cewa abin da ya fara ya ƙare cikin tsawon lokacin da jarida ke ɗauka tsakanin fitowa da fitowa ya fi samun shiga a kan abin da ke tafiya a hankali. Misalin da suka bayar ma na madatsar ruwa ne: shekarun da ake gina ta babu mai kula, sai ranar bikin buɗewa. Sun kuma lura cewa manyan ƙasashe da manyan mutane da mummunan abu sun fi jan hankalin edita. Abin da ba a cika gaya wa ɗalibai ba shi ne, Galtung da bakinsa ya ce a ƙarshen rayuwarsa gargaɗi suka rubuta a kan yadda ake karkatar da labarin duniya, sai makarantun aikin jarida suka mai da shi littafin koyon sana'a.

Kuma ma'aunin ba ya auna rayuka daidai wa daida. A dubi watan Yunin 2023. A ranar 12 ga wata wani kwalekwale ya kife a kogin Kwara a yankin Patigi na jihar Kwara da 'yan biki da ke dawowa daga jihar Neja, fiye da mutum 100 suka rasu. Bayan kwana biyu wani jirgin kamun kifi maƙare da 'yan ci-rani ya nutse kusa da gaɓar Girka, mutum 104 kacal aka ceto daga cikin ɗaruruwa. A ranar 18 ga wata kuma wani ƙaramin jirgin ƙarƙashin teku mai suna Titan ya ɓace da mutum biyar da suka tafi kallon ɓaraguzan jirgin Titanic, a tafiyar da kuɗin kujerarta ya kai dala 250,000. Kwana huɗu manyan tashoshin duniya suna ƙirga sa'o'in iskar da ta rage musu, mu ma a nan muka bi sahu muna fassarawa. Za a ce ai na Titan yana da zullumi, ba a san ƙarshensa ba, kuma gaskiya ne wannan yana riƙe mai kallo. Amma ba shi kaɗai ba ne dalili, domin an san sunayen mutum biyar ɗin nan da tarihinsu da hotunan iyalansu, na Patigi kuwa adadi ne kawai.

Batun zullumin nan ma ya kamata a tsaya a kansa, don shi ya bambanta Buni Yadi da Chibok. A watan Fabrairun 2014 'yan Boko Haram suka kashe ɗalibai maza da dama a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a jihar Yobe, wasu rahotanni suka ce 59, aka yi jimami na 'yan kwanaki aka wuce. A watan Afrilu aka sace 'yan mata 276 a Chibok, kuma ko shi ma sai da ya yi kusan mako biyu yana neman nutsewa kafin iyaye mata da masu fafutuka su fara zaman dirshan a Abuja, maganar ta kai har Fadar White House. Yaran Buni Yadi an binne su, labarinsu ya rufe. 'Yan matan Chibok kuwa a lokacin suna raye a wani wuri, kowace safiya tambayar tana nan a buɗe, kuma akwai gwamnatin da za a tsare da ita.

Sai kuma abin da ba ya cikin jerin masanan nan ƙarara amma ya fi komai ƙarfi a wajenmu, wato ko akwai wanda ya gani ya ɗauka. A makon farko na Janairun 2015 'yan Boko Haram suka kai hari garin Baga a jihar Borno, a makon ne kuma aka kashe mutum 17 a Faransa a harin mujallar Charlie Hebdo da waɗanda suka biyo bayansa. A Paris akwai kyamara a kowace kusurwa. A Baga babu wakili, babu layin waya, har aka rasa adadin da za a tsaya a kai, sojoji suna cewa 150, wasu mazauna yankin suna cewa ya kai 2,000, sai da ƙungiyar Amnesty ta fitar da hotunan tauraron ɗan'adam da ke nuna gine-gine sama da 3,700 da aka lalata a Baga da Doron Baga. Garin Malam yana da nisan awa guda daga kwalta, kuma wannan awa gudan tana cikin ma'aunin ko da babu editan da zai amsa haka. Sashe na 22 na kundin tsarin mulkin 1999 bai ɗora wa kafafen yaɗa labarai aikin ba mutane mamaki ba, aikin da ya ɗora musu shi ne sa ido a kan gwamnati don ta sauke nauyin jama'a.

Bamaraɗe ya amsa:

Ina gaida dattawan zaure da Malama. Ni daga Maraɗi nake, kuma abin da Malama ta faɗa game da ido da kyamara mun gan shi a jikinmu a 2005. Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, farin dango kuma suka sauka a kan abin da ya rage. Tun kafin ƙarshen wannan shekara hukumomi suka sanar cewa za a yi ƙarancin cimaka, a watan Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi agajin gaggawa na kusan dala miliyan 16, amma abin da ya shigo bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ke zaune a nan ya san halin da ake ciki, domin hatsi yana nan a kasuwa amma kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, mutanen karkara suna sayar da bisashensu a wulaƙance, mata suna tafiyar yini da yara a goye zuwa cibiyar ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Babu abin da ke ɓoye. Sai a watan Yuli, da wata wakiliyar talabijin ta BBC ta ɗauki hoton yaran da ke kwance a wannan cibiya aka nuna a Ingila, sannan duniya ta farka, har babban jami'in agaji na Majalisar, Jan Egeland, ya fito ya ce abin da aka tara cikin 'yan kwanakin da suka biyo bayan hotunan ya zarce na watannin da aka yi ana roƙo.

Yunwar watan Yuli ita ce yunwar watan Afrilu, sai dai ta ƙara tsanani. Abin da ya sauya shi ne an samu hoton da ya isa ya hana bature cin abincin dare. Wannan ne ya sa nake jin zafin tambayar Malam, don ma'anarta a wajenmu ita ce sai yaro ya rame har ƙasusuwansa sun fito kafin ya cancanci minti biyu. Ga shi kuma da hotunan suka fita, gwamnatin lokacin ta ji kunya ta koma musantawa, shugaba Tandja Mamadou ya ce babu yunwa a ƙasar, aka shiga gardamar ko a kira abin yunwa maimakon rabon hatsi.

Abin da zan ƙara wa Malam shi ne kada ya ɗaga kai sama da yawa. Labari ba ya da girma ɗaya a ko'ina. Abin da bai isa ya shiga labaran tashar babban birni ba yana iya zama kanun labarai a ƙaramar tashar da ke kusa da ku, kuma a nan Nijar na sha ganin maganar rijiya ko ta burtali ta taso daga rediyon karkara, magajin gari ya ji sunansa a ciki, kafin mako ya zagayo ya turo mutane. Manyan tashoshi ma daga ƙanana suke tsintar labari fiye da yadda suke amsawa.

Wakiliya ta amsa:

Da izinin iyayena da malamaina, zan faɗi ɓangaren da ba a cika rubutawa a littafi ba, a matsayina na wadda ke cikin aikin yanzu. Malam, akwai yiwuwar wakilin nan ya so zuwa amma ya yi lissafin aljihunsa. Da yawa daga cikinmu albashi ba ya zuwa a kan kari, wasu ma katin shaida kawai aka ba su aka ce su nemi na kansu, kuma tashar ba ta biyan kuɗin mai ko na ɗan acaɓa. Zuwa garinku yini guda ne cur, da kuɗinsa, a kan hanyar da watakila sai ya tambayi lafiyarta kafin ya bi. A yinin nan kuwa zai iya halartar taron manema labarai biyu a cikin gari, a ba shi takardar jawabi a rubuce, a sallame shi da kuɗin mota. Ban ce daidai ba ne, kuma ƙa'idar aikinmu ta hana karɓa, amma duk wanda ya ce wannan ba ya cikin abin da ke tantance labaran da kuke ji da yamma bai faɗi gaskiya ba. Wasu tashoshin ma suna da farashi a rubuce na ɗaukar taro, wanda ya biya a sa shi cikin labarai, mai sauraro kuma ba a gaya masa cewa talla yake ji.

Batun 'yan TikTok kuwa, a nan sai mai sauraro ya karɓi nasa kason. A zamanin Baba Edita hasashe ake yi game da abin da jama'a ke so, mu kuwa yanzu muna ganin alƙaluman a allo minti bayan minti. Na taɓa yin mako biyu ina haɗa rahoto a kan wani asibitin karkara da ba shi da ungozoma ko ɗaya da dare, aka sa shi a shafinmu na Facebook rana ɗaya da labarin mutuwar auren wata 'yar fim wanda aka rubuta cikin minti goma. Ba sai na faɗi wanda ya yi nasara ba, kuma tazarar ba ta kusa ba ce. Masu talla waɗannan alƙaluman suke kallo, manaja kuma masu talla yake kallo.

Shawarata ita ce ku rage wa wakili nisan hanya. Ku ɗauki bidiyo da waya, a nuna bakin ramin da bangon ajin a hoto ɗaya don a ga kusancin, a samu mutum ɗaya da ya rasa gonarsa ko ya tashi kabarin mahaifinsa ya yi magana da bakinsa, domin murya ɗaya mai suna ta fi sa hannun mutum ɗari. Sannan kada ku kai wa sashen labarai, ku kai wa masu shirye-shiryen koke-koken jama'a da ake yi da dare, waɗanda su irin wannan suke nema, kuma su ne 'yan siyasa ke tsoro.

Tsohon Edita ya sake amsawa:

Malama Bilkisu, na karɓi gyara. Sabo ne, kuma mu da muka daɗe a ciki mukan manta cewa sabo ne. Sai dai ina da misali guda da ke nuna cewa ana iya juya ma'aunin ba tare da an jira ya canza ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Zamfara na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, yara aƙalla 400 suka mutu. Duniya ta ɗauka, sannan ta ajiye, aka tsabtace wasu ƙauyuka aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, da gubarta, likitoci kuma suka ce ba za su fara ba yara magani ba sai an kwashe gurɓatacciyar ƙasar, don in ba haka ba aikin banza ne. Bagega ta koma hali irin na kwazazzabon Malam. Abin da ya dawo da ita kanun labarai shi ne da wasu matasa masu bin diddigin kuɗin gwamnati suka daina cewa yara suna mutuwa, wanda kowa ya riga ya ji, suka koma tambayar ina kuɗin da gwamnatin tarayya ta yi alkawari, nawa ne, a teburin wa suka maƙale. A farkon 2013 aka saki kuɗin, aka tsabtace garin a shekarar.

Malamin Firamare ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar alkawari ta tuna mini cewa a kakar zaɓen da ta wuce wani ɗan takara ya tsaya a bakin ramin nan ya yi jawabi, kuma ina jin ɗaya daga cikin matasanmu yana da bidiyon a wayarsa. Zan neme shi, zan kuma sa a duba mana kasafin jiha. Tambaya ɗaya ta rage mini: idan za mu ɗauki hoton ajin, ya halatta a nuna fuskokin yaran, ko kuwa a ɗauka bayan an tashi?

Wakiliya ta sake amsawa:

Malam, a ɗauka suna cikin aji, domin aji babu kowa gini ne kawai, amma a tsaya daga bayansu ta yadda za a ga allo da taga da ramin ta cikin tagar, ba tare da fuskar kowa ta fito ba. Idan akwai yaron da za a ji muryarsa, sai da yardar mahaifinsa da ta shugaban makaranta, kuma kai da kake ma'aikacin gwamnati gara ka bar dagaci ko shugaban ƙungiyar iyaye ya yi maganar a gaban kyamara. Ku kuma kafa turke a bakin ramin yau, ku auna nisansa da bango da igiyar awo, ku rubuta kwanan wata a jikin bangon da gawayi ko fenti, sannan ku sake aunawa bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Ranar da taku talatin ya koma ashirin da biyu, ku turo hotunan biyu tare da adadin yaran da ke cikin rajistar ajin.